Tele Malama Ce Ko Mai Raino?

'Yan'uwana 'yan kasuwa, wata Asabar na wuni gaban tele tare da yarana. Da safe katun, da hantsi fim ɗin Indiya, da azahar na Kano, da la'asar ƙwallo. Da dare aka sa shiri kan janyewar tafkin Cadi, inda bandar da muke saye take fitowa. Nan take ɗana ya ɗauki rimot zai canza. Ban ga laifinsa ba, haka muka saba masa.

Mu tuna, a Nijar da karatu tele ta fara: a 1964 aka kawo ta don koyar da 'yan lakwal. Yau mun kafa parabol, mun tafi Jibiya ko Ɗan Isa tun asuba, mun bar mata raino.

Alhaji, ba ka barin yaron shago da kuɗi ba lissafi. Don me za ka bar ɗanka da tashoshi barkatai ba tambaya? In ka dawo kasuwa, tambaye shi abin da ya kalla, ku zauna ku ga shiri ɗaya mai amfani tare.

Allah ya shirya mana zuri'a.