Dandalin Silima: Kaboyi a Fagen Dambe

Cikin fina-finan kaboyi akwai wani da aka yi a 1953, mai suna City of Bad Men, wanda Dale Robertson da Richard Boone suka fito a ciki. Labarin 'yan fashi ne waɗanda suka shigo garin Carson City don su sace kuɗin ƙofa na wani babban dambe, shugaban 'yan dokar garin kuwa da ya ga sun fi ƙarfinsa, sai ya naɗa manyansu su tsare masa gari. Wato an ba kura ajiyar nama ke nan.

Mai kallo zai zaci masu fim ne suka ƙaga damben don armashi. To, ba haka ba ne. An yi shi ran 17 ga Maris, 1897, tsakanin James Corbett da Bob Fitzsimmons, bayan da Jihar Nebada ta halatta damben kuɗi, a lokacin da yawancin jihohin Amurka suka haramta shi. A turmi na 14 Fitzsimmons ya zuba wa Corbett naushi a ƙahon zuci, ya karɓe kambin duniya.

Sai dai inda masu fim suka yi wa 'yan kallo rowa shi ne batun Wyatt Earp, jarumin da Henry Fonda ya fito a madadinsa a 1946, Burt Lancaster kuma a 1957, kullum mai gaskiya, mai tsare doka. Ran 2 ga Disamba, 1896, shi aka sa alƙalin wasa a San Francisco, Fitzsimmons da Tom Sharkey, a kan dala 10,000. Ya shigo fage da bindiga a cikin riga, sai da 'yan sanda suka karɓe ta. A turmi na 8 Fitzsimmons ya kā da Sharkey, amma Earp ya ce dukan ya sauka ƙasa da ɗamara, ya ba wanda ke kwance nasara. 'Yan kallo suka yi ca a kansa, jaridu suka yi ta kiransa macuci. Lalle fim ɗin da zai nuna wannan dare ya fi na harbe-harbe daɗin kallo.

Fitzsimmons ya kai ƙara. Alƙali ya kori shari'ar, ya ce damben kuɗi haramun ne a garin, kotu ba ta raba gardama a kan haram.