Salula ta iya lissafi, amma ba ta san dala ba

  

Wannan wata zancenmu bisa salula ne, ƙaramar nan mai maɓallai. Yawancinmu kira kaɗai muke yi da ita, sai kuma fitilarta da dare. Alhali akwai ma'aikata uku a cikinta: mai lissafi, mai tada barci, da mai tuni. Ba su cin kuɗin kira, ba su bukatar rezo. Ko a tsakiyar daji kake, suna aiki.

Salula ta fara yaɗuwa a Nijar a 2001. Waɗanda suka fara yawa a ƙauyukanmu su ne Nokia 3310, wadda ta fito a 2000, da Nokia 1100 mai fitila, ta 2003. Kawuna ya riƙe 1100 shekara da shekaru. Ta faɗa ƙasa ba iyaka, ba ta mutu ba. Amma bai taɓa buɗe wurin lissafinta ba ko sau ɗaya, don ba wanda ya gwada masa.

Ga abin da ya sa na ɗauko zancen. Wani ɗalibinmu, magidanci, ya kai wake kasuwa. Aka auna tiya 37, kowace tiya dala 120. Mai saye ya ɗaga kai sama, ya ce jikka 21 ke nan. Mutuminmu ya ce a dakata. Ya fiddo salularsa, ya danna a hankali, mutane na yi masa dariya. Lissafi ya ba da jikka 22 da dala 40. Mai saye ya ce kuskure ne, ya cika masa. Ko kuskure ne ko wayo, Allah masani. Abin da ya so ya salwanta dala 240 ne, kuɗin tiya biyu cif.

To, yaya ake yi? Ka shiga jerin ayyukan salula, ka nemi inda aka rubuta Calculatrice. In Faransancin ya yi maka wuya, ka sa ɗan makaranta ya gwada maka sau ɗaya, ka riƙe hoton da ke wurin. A tsofaffin Nokia, maɓallin tauraro, wanda ke ƙasa ta hannun hagu, shi ne mai alamomi. Ka danna shi sau ɗaya, tarawa. Sau biyu, ɗebewa. Sau uku, ninkawa. Sau huɗu, rabawa. A wasu sababbin ƙananan salula, alamomin suna bisa babban maɓallin tsakiya: sama, ƙasa, dama, hagu.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne ramin yake. Mu da baki dala muke ƙirgawa. Takardar kuɗi kuwa tamma ke rubuce a kanta. Dala ɗaya tamma 5 ce. Takardar jikka, wadda muke ce ma dala 200, ku duba ta, 1000 ke rubuce. Salula ba ta san wannan ba. Abin da ka danna shi take ninkawa. In ka sa 37 sau 120, za ta gwada maka 4440. Wannan dala ce. Wanda bai lura ba sai ya ga 4 a gaba, ya ce jikka huɗu ne da ɗoriya, hankalinsa ya tashi. Ka ƙara ninkawa sau 5, sai ka ga 22200. Wannan ita ce tamma. Ka rufe lambobi uku na ƙarshe da babban yatsa. Abin da ya rage, 22, shi ne jikkunanka. Na ƙarƙashin yatsa, 200, ka raba shi 5, dala 40 ke nan.

Kada ka gama dala da tamma cikin lissafi ɗaya. In da dala ka fara, ka ƙare da dala, sannan ka ninka. Kuma ka tuna salula ba ta kallon awo. In idonka na kanta ana zuba tiya, wa zai ƙirga maka?

Wannan koyo ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. A 2009 da 2010 an yi wani shiri mai suna ABC a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, inda aka gama karatun manya da koyon aiki da salula. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi salula sun fi sauran a rubutu da lissafi. Ban yi mamaki ba. Allo yana zama a aji, salula tana cikin aljihu kullum.

Mai tada barci ba wuya. Réveil ake rubutawa. Yana da amfani ga sahur, ga mai ban ruwan albasa, ga mai tarar motar kasuwa. A tsofaffin Nokia yana kaɗawa ko salula na kashe, don haka ka kashe ta da dare, batir ya huta. Sai dai in agogonta mai awa 24 ne, daga ƙarfe 1 na rana ka riƙa ƙara 12. Ƙarfe 5 na marece 17 ne.

Mai tuni kuwa, kana rubuta kalma ɗaya, ka sa rana da wata. Akuyarka ta ɗauki ciki, ka ƙirga wata 5, ka rubuta "akuya". Ranar allurar yaro, ranar zubin adashi, ranar biyan bashi, duk haka. Watan boko yake bi, ba wanda muke gani a sama ba.

A nan ni kaina na sha kunya. Na ci bashin taki, na rubuta ranar biya cikin salula, na saki jiki. Ranar kasuwa na fidda batir na ba mai caji. Da na maida shi, salula ta tambaye ni lokaci da kwanan wata, ni kuwa ina sauri, na danna abin da na ga dama. Ranar biya ta zo ta wuce, ba ta ce uffan ba. Sai da aka aiko yaro ƙofar gidana, ni malami, gaban ɗalibaina. Tun daga ran nan, in na maida batir, ba ni tashi sai na gyara awa, da rana, da wata, da shekara. Bashi kuwa ina rubuta shi a takarda kuma.

Ga aikin wannan wata. Tiya 24 ta hatsi, kowace dala 95. Dala nawa ke nan? Jikka nawa da dala nawa? Ku fara yi bisa allo, sannan ku tambayi salula. Wanda ya samu amsa ya kai ma malamin garinsu ya duba.