Anko ya haɗa mu, ko ya raba mu?

Ƴan'uwa mata na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Yamai da duk garuruwan da wannan takarda ke isa. Da fatan kaka ta yi albarka, zubi kuma bai tsaya ba.

Wannan karo maganar zane za mu yi. Kada ku ce ƙaramar magana ce, don a ƙungiyarmu saura ƙiris ta raba mu da ɗaya daga cikin matan da muka kafa asusu tare.

Mu 28 ne, muna zama kowace Talata bayan la'asar, kowace mace tana zuba dala 100, wato sefa 500. Sai aka yi Talata uku a jere ba mu ga wata ƴar'uwarmu mai tuyar ƙosai ba. Zubinta yana zuwa ta hannun ɗiyarta, ita kuwa shiru. Muka tashi tare da ma'ajiya muka je gidanta, muna zaton ciwo ne. Muka tarar lafiyarta lau. Bayan an gaisa an sha ruwa, sai ta sunkuyar da kai ta ce: "Yaya, da wane ido zan zauna cikinku? An yi bikin ɗiyar wance, kowa ta ɗinka anko, ni ban samu ba. Na tsaya bakin ƙofa da tsohon zanena kamar wadda ta zo roƙo. Ko wajen hoto ba wanda ya kira ni."

Wallahi jikinmu ya yi sanyi, don muna wurin bikin, kuma ba mu lura ba.

Talatar da ta biyo muka ce magatakarda ta buɗe littafi, a faɗa wa juna gaskiya. Daga lokacin da muka fasa asusu bara zuwa ranar, an ɗauki bashi sau 11. Huɗu daga ciki an ce na sana'a ne, amma masu shi da bakinsu suka amsa cewa anko suka saya. Ba mu kama sunan kowa ba, don kusan dukanmu mun taɓa yi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma bashin da aka sayi gyaɗa ko man tuya da shi yana biyan kansa. Wanda aka sayi zane da shi, daga kuɗin cefane ake tsakuro shi.

Sai muka yi lissafi a kan allo. Ankon da muka yi na ƙarshe, turmi jikka 6, ɗinki jikka 3. Jikka 9 ke nan, ba a yi maganar mayafi da takalmi da lalle ba. Daga kaka zuwa azumi an kawo mana anko biyar, jikka 45. Zubinmu na shekara guda cur, sati 52, jikka 26 ne. Da magatakarda ta rubuta 45 kusa da 26, wuri ya yi tsit. Can wata ta ce: "Kai! Ashe tela muke wa asusu."

Daga ina wannan gasa ta fito mana? Mu faɗi gaskiya, rabinta daga salula ne. Da dare in an gama aiki, muna taruwa mu kalli fim, kuma ba mu ga laifin hakan ba. Macen da ta wuni tana daka da ɗiban ruwa ta cancanci ta zauna ta yi dariya. Tun da tashar Arewa24 ta fara nuna Daɗin Kowa muke bin sa. Da Labarina na Aminu Saira ya fito a 2020, har gardama muke yi wajen zubi kan halin da Sumayya ta shiga. Izzar So kuwa yaranmu ke sauko mana da shi daga YouTube. In an sa waƙar Fati Nijar, ƴar Maraɗinmu, har tsofaffi suna kaɗa kai. Duk muna so. Amma ku lura da abin da ke biyowa. Da safe sai ka ga an tsayar da hoto a salula an nufi shagon tela: "Irin wannan hannun nake so, irin wannan wuyan." Uwar amarya kuma ta ce ita ma bikin ɗiyarta sai ya yi kama da na fim, da ankon kamu daban, na wuni daban.

Abin da muke mantawa shi ne, kayan da ƴar fim ta sa kayan aikinta ne, kamar yadda kasko yake kayan aikin mai ƙosai. Bikin da muke gani a fim ba a ɗaura auren kowa ba, kuma ba a bar kowa da bashi ba. Masu juyi da sababbin kaya a TikTok kuwa, da yawansu talla suke yi wa masu shaguna, biyan su ake yi. Ita ta sa kaya ta samu kuɗi, mu mun sa irinsu mun rasa jari. Kallon kitse muke yi wa rogo.

Ga shi kuma zanen ba a ƙofar gidanmu ake yin shi ba. Yawancin atamfar da muke saye daga Sin take fitowa, wata ta biyo ta Kwatano, wata ta kasuwar Kantin Kwari ta Kano ta shigo ta Jibiya da Ɗan Isa. Kun ga yadda kaya suka yi tsada da aka rufe iyaka a 2019, da kuma 2023. Kuɗin zane ya hau, ribar ƙosai tana nan inda take.

Wata dattijuwarmu, wadda ke riƙe da ɗaya daga cikin makullan akwati uku, ita ta faɗi maganar da ta tsaya mana a rai. Ta ce: "Ɗiyana, ku san abin da ya sa aka fara anko. Don a rufa wa juna asiri ne. In duk mun sa zane iri ɗaya, ba a gane matar alhaji, ba a gane matar mai kura. Yanzu kun mai da shi abin tona asiri." Haka ne kuwa. Ankon da ya kai jikka 9 ba ya rufe kowa, tankaɗe yake yi, ya fitar da mai shi gefe, marar shi gefe.

Kada ku zaci kowa ta yarda nan take. Muna da tela biyu cikinmu da mai sayar da atamfa ɗaya. Mai atamfa ta ce: "To ni fa, Hajiya? Da anko nake biyan kuɗin lakkol na yara." Gaskiyarta ce, ba mu ƙi ba. Wata kuma ta ce dangin miji za su ce mun raina bikinsu. Mun kwashe zama biyu muna wannan magana, har da ɗaga murya, har aka ci wasu tara. A ƙarshe ga abin da muka tsayar, muka rubuta cikin dokokin ƙungiya.

Na farko, ƙungiya za ta yi anko ɗaya tak a shekara, a saye shi ranar da aka fasa asusu, lokacin da kowa ke da kuɗi a hannu. Wurin ƴar'uwarmu mai atamfa za a saya, telolinmu su ɗinka. Shi za mu sa a kowane biki da suna na ƴan ƙungiya. Mai son yayin fim ta kai wa tela ya canza mata hannu ko wuya, zanen dai shi ne.

Na biyu, ba a ɗaukar bashin akwati don anko. Wadda ta ce sana'a za ta yi, mata biyu za su je su ga kayan.

Na uku, in ƴar ƙungiya za ta aurar da ɗiya, kowace mace ta kawo jikka 1 gudunmawa a ba ta a hannu. Mu 27 ban da ita, jikka 27 ke nan.

Na huɗu, ankon dangi ko na maƙwabta ba mu hana kowa ba, amma ba wadda za a yi wa gori don ba ta yi ba.

Zanen da muka zaɓa za mu fara sa shi ne ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar. Mun tuna wa ƙanana cikinmu asalin ranar: a 1991 mata suka fito kan titi a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. A wannan shekarar ce kuma aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Waɗancan iyayen namu murya da jari suka nema mana.

An riga an gwada dokar sau ɗaya, tun kafin sabon zanen ya zo. Wata cikinmu ta aurar da ɗiya, muka je da ankon bara. Ba za mu ɓoye muku ba, an yi gulma. Mun ji wata daga dangin ango tana cewa: "Waɗannan ba su da wani zane ne?" Ya yi mana ciwo. Amma da aka watse, uwar amarya ta kira mu ɗaki ta nuna mana katifa da tukwanen da ta cika da gudunmawarmu, ba ta ci bashin kowa ba. Mai ƙosai kuma tana tsakiyar hoto, ita ce ma ta fi kowa buɗe baki.

Ba mu ce dokarmu ta dace da kowace ƙungiya ba. Yamai ba ɗaya take da ƙauye ba, zubin wasu ya fi namu. Abin da muke roƙo shi ne, a zamanku na gaba ku sa magatakarda ta rubuta lamba biyu a allo: abin da kowace mace ta kashe a anko bana, da abin da ta zuba a akwati. Sannan ku duba tabarma ku ga ko akwai wadda ta daina zuwa, ku je gidanta. Abin da kuka tsayar ku aiko mana ta hannun mai kawo muku takarda, mu karanta wa sauran.

Fim dai za mu ci gaba da kallo, ranar da aka sa sabon kashi kada a neme mu. Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka cikin abin da muke zubawa. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.