Haƙƙin iyali a kanmu a zamanin yaƙi

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ƴan'uwana masu halartar jam'i, a wannan makon zan jinkirta darasin tsarki da muka faro, domin akwai wajibin da ya fi shi gaggawa.

Mu a nan Dungas Allah Ya kiyaye mu daga jin ƙarar bindiga a ƙofar gida, muna kuma gode Masa. Amma kada wani ya ce yaƙi bai taɓa mu ba. Tun watan Fabrairu na 2015 da Boko Haram suka afka wa Bosso da Diffa, ƴaƴanmu suke sanye da kaki gabas da yamma. Kun tuna da labarin Inates a Disamban 2019, soja 71 a yini guda, da na Shinagodar bayan wata ɗaya, soja 89, da yadda iyaye mata suka kwana riƙe da salula suna jiran kira. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, mai kai dabba kasuwar Maigatari ya sha wuya, tiyar hatsi ta yi tsada.

Tsoro da ƙunci irin wannan a cikin gida suke sauka. Wanda ya rasa yadda zai yi da abokin gaba, ko da tsadar kasuwa, sai ya huce a kan wanda ya fi shi rauni, wato matarsa da ɗansa.

Kwanakin baya wani malamin allo ya kawo mini yaro ɗan shekara bakwai. Ya daina karatu, ya koma fitsarin kwance, ko kwano ya faɗi sai ya toshe kunnuwa. Da na bincika sai na tarar mahaifinsa soja ne da ya zo hutu. Ba ya barci, ƙaramin motsi yana tayar masa da hankali, kuma hannunsa ya fara kaiwa ga uwar yaron. Na kira shi da niyyar yi masa faɗa. Da ya fara ba ni labarin abin da idonsa ya gani, sai ya fashe da kuka, ni kuma na haɗiye faɗan. Duk da haka na gaya masa gaskiya: ciwonsa dalili ne na neman magani, amma bai halatta masa dukan kowa ba.

Ga masu kafa hujja da ayar Suratun Nisa'i, ku dubi wanda aka saukar masa da ayar. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba, alhali ya fi kowa ganin yaƙi da yunwa. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, matar da ta tabbatar wa alƙali cewa ana cutar da ita tana da damar a raba auren. Don haka uban da yake kora ɗiyarsa ɗakin miji da kumburarriyar fuska, yana cewa ta je ta yi haƙuri, ba tare da ya zaunar da surukinsa ba, ya sani yana da kamasho a zunubin.

Ku dubi kuma abin da ya faru bayan yaƙin Mu'ta a shekara ta 8 bayan hijira. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada, Annabi (SAW) da kansa ya tafi gidan Asma'u ɗiyar Umais, ya rungumi yaran, idanunsa suna zubar da hawaye, sannan ya umarci a dafa wa gidan abinci. Sayyidina Umar kuwa, bayan ya shawarci ɗiyarsa Hafsa, ya ƙayyade watannin da soja zai yi nesa da iyalinsa. Ashe kula da gidan wanda ya tafi fagen fama sunna ce tsohuwa. Mu kuwa mun mayar da ita gaisuwar kwana uku da sadakar bakwai, sai kowa ya watse.

Game da yara, abu uku nake roƙonku. Ku daina kallon hotunan gawarwaki a salula a gabansu, ku daina tura su, har a wannan zauren namu. Yaro yana gani, ya kwana da abin a ransa. Idan ya tambayi ina babansa, a faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa, domin ƙaryar da zai gano gobe ta fi ciwo. Kada kuma a doke shi don fitsarin kwance ko firgita cikin dare. A bar shi kusa da uwarsa, a riƙe masa lokacin cinsa da karatunsa da wasansa kamar yadda ya saba, a yi masa addu'ar barci da hannu a kansa.

Babba ma da ya rasa barci, ko ya fara neman sauƙi a tramol, a yi masa ruƙiya, a kuma raka shi likita. Biyun ba sa karo da juna, kuma babu abin kunya a ciki.

Saura maƙwabci. Idan ka ji kukan duka ta bayan katanga, ka yi sallama ka shiga, ko ka kira dattijon unguwa. In abin ya kai ga rauni, a sanar da mai gari ko jandarma.

Daga wannan Juma'a zan riƙa zama a zaurena bayan La'asar don duk magidancin da yake son magana a asirce. Mata kuma su sami uwargidana a cikin gida, za ta isar mini ba tare da an ambaci suna ba.

Wassalamu alaikum.