WA ZAI ƊAUKI HOTON ƘASARMU? DARASI DAGA RAYUWAR ROBERT FLAHERTY

Masu iya magana sun ce, gani ya kori ji. Wannan karin magana shi ya faɗo mini a rai ran da na koma gida hutu na tarar an yi jana'izar wani tsoho na unguwarmu, wanda ya shekara fiye da sittin yana su a fadamun ƙasar Haɗeja. Shi ne ya san sunan kowane kifi da lokacin zuwansa, ya san kirarin da ake yi kafin a faɗa ruwa. Na sha yi wa kaina alkawarin zan zauna da shi in rubuta abin da ya sani, amma kullum sai in ce sai wani hutun. Ga shi an rufe shi, an rufe da abin da ke cikin kansa. Ba ni da muryarsa, ba ni da hotonsa yana gyaran koma, sai ɗan abin da na iya tunawa.

Dalili ke nan da ya sa nake so in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga wata sana'a wadda ban ga mun ɗauke ta da muhimmanci ba, watau haɗa rubutun zube na gaskiya da shirya fim na gaskiya, irin wanda ba ƙagaggen labari ba ne. Zan kafa hujja da rayuwar wani Ba'amurke, Robert Flaherty, wanda asalin mahaifinsa mutanen Ailan ne, domin a cikin aikinsa akwai abin koyi, akwai kuma abin gudu.

An haifi Flaherty a shekarar 1884 a jihar Mishigan ta Amurka, ya rasu a 1951. Ba da sana'ar fim ya fara ba. Mai binciken ma'adinai ne, kuma wannan aiki ne ya kai shi arewacin Kanada tun daga 1910, ƙasar ƙanƙara inda mutanen Inuit suke, waɗanda a da ake kira Eskimo. A cikin tafiye-tafiyen nan ya riƙa ɗaukar hotunan rayuwarsu. A 1916, yana cikin shirya abin da ya ɗauka a birnin Toronto, wutar tabarsa ta faɗa kan fim ɗin, wahalar shekaru ta tashi a toka. Wani da sai ya ce ƙaddara ta raba shi da sana'ar. Shi kuwa sai ya nemi wani kamfanin fatu na Faransa, Revillon Frères, ya ba shi kuɗi, ya koma a 1920, ya zauna cikin mutanen fiye da shekara guda. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne fim ɗin Nanook of the North, wanda aka nuna a 1922, aka kuma ɗauke shi tamkar kakan finafinan gaskiya. Bai tsaya ga na'ura kaɗai ba, a 1924 ya fitar da littafi a kan zamansa da mutanen. Daga baya ya yi Moana a tsibirin Samowa a 1926, ya yi Man of Aran a 1934 a tsibiran yammacin Ailan, ƙasar kakanninsa.

To, mene ne abin koyi a nan? Na farko shi ne haƙuri. Mutumin nan bai je yau ya dawo gobe ya ce ya san mutane ba. Ya ci abincinsu, ya sha sanyinsu. Na biyu, ya tafi da kayan wanke fim da na nunawa har can cikin ƙanƙara, yana ɗauka yana nuna musu, suna ganin kansu, suna ba shi shawara. Watau bai mai da su abin kallo kawai ba, ya mai da su abokan aiki. Kowane ɗayanmu da ya taɓa fita neman bayani don kundin digiri ya san yadda muke yi. Mukan je da tambayoyi goma a takarda, mu tsare tsoho na rabin sa'a, mu dawo mu rubuta babi guda, ba mu sāke komawa ba, balle mu karanta masa abin da muka rubuta ya ce haka ne ko ba haka ba ne.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Flaherty ya yi abubuwan da bai kamata mu rufe ido a kansu ba. Mutumin da ya kira Nanook sunansa na gaskiya Allakariallak. Matar da aka nuna a fim ɗin ba matarsa ba ce. Mutanen sun riga sun san bindiga, amma ya sa suka yi farauta da mashi don su dace da hoton da ke cikin zuciyarsa. Haka kuma a tsibiran Aran ya sa masunta suka koyi farautar wani babban kifi wadda aka daɗe da dainawa, ya jefa su cikin haɗarin teku domin fim ya yi kyau. Ke nan ya nuna wa duniya mutane yadda yake so su kasance, ya bar yadda suke. Wannan ita ce cutar da ke bin baƙo mai na'ura, kuma ɗan gida ma bai tsira daga gare ta ba. In na je Auyo na tarar manomi yana ban ruwa da injin, na ce ya ɓoye injin ya ɗauko jigo don hoton ya yi kama da na gargajiya, na yi ƙarya, ko da ban furta kalma ɗaya ba.

Mu a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne ga wannan al'amari. Iyayenmu sun san majigi, wanda ake kawowa a mota a kafa a ƙofar fada da dare, ana nuna tsabta da noma da rangadin manya. Wani jami'in kiwon lafiya na mulkin mallaka, William Sellers, shi ne ya yi fice a wannan aiki a Nijeriya, har ya shugabanci sashen finafinai na ƙasashen mulkin mallaka da aka kafa a 1939. Majigi ya yi amfani, amma magana ce daga sama zuwa ƙasa. Hukuma ke faɗa, talaka na kallo. Daga cikin wannan gida ne Alhaji Adamu Halilu ya taso, wanda a 1976 ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim. Abin takaici, wannan babban aiki ya ɓace wa idon jama'a shekaru da yawa, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin a 2018. Ashe ɗauka kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa da adanawa. Wutar taba ta cinye aikin Flaherty na farko, mu kuwa ƙura da sakaci ne suka kusa cinye namu.

A ɓangaren rubutu ma haka abin yake. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta fitar a 1954, labarin wata tsohuwa Bahaushiya ce da ta ba da tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau. Har yau duk mai son sanin zaman matan Hausa na wancan zamani sai ya bi ta kansa. Ba na ƙyashin wannan baiwar Allah, ta yi aiki nagari. Tambayata ita ce, Baba nawa muke da su a Kafin Hausa da Bulangu da Dutse, waɗanda ba wanda ya zauna ya saurare su?

Dubi abin da ke kewaye da mu. Ga Garun Gabas, wadda masana tarihi ke cewa ita ce Biram, ɗaya daga Hausa Bakwai. Ga labarin Sarkin Haɗeja Buhari da tawayensa ga Sakkwato, ga yaƙin da Haɗejawa suka yi da Turawa a 1906, inda Sarki Muhammadu ya rasu. Ga zane-zanen kan duwatsu na Birnin Kudu. Ga dausayin Baturiya, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai lokacin hunturu. Ga kuma labarin da ya fi kowanne taɓa rayuwar talaka, watau yadda ruwan kogin Haɗeja ya sauya tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana masunci jefa taru, ta kai ruwa inda manomi bai nema ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa littafi, ya isa fim.

Na san za a ce mini ai akwai finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990 sana'ar ta bunƙasa. Gaskiya ne, kuma ba na raina su. Sai dai su ƙagaggun labarai suke sayarwa, abin da kasuwa ke so. Ba za mu ɗora wa ɗan kasuwa nauyin da ke kan jami'a ba. Za a kuma ce aikin Sashen Hausa shi ne harshe da adabi da al'ada, ba ɗaukar hoto ba. Amsata ita ce, takarda ba ta iya riƙe karin sautin Haɗejanci, ba ta iya nuna yadda hannun masaƙi ke bin ƙoshiya. Wanda ya karanci harshe da al'ada shi ya fi cancanta ya riƙe na'urar, don shi ya san abin da yake gani. Zancen tsada kuwa ya ƙare, domin wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta fi na'urar da Flaherty ya ja a kan ƙanƙara.

Bisa ga haka ina roƙon malamanmu abubuwa uku. Na farko, a yarda ɗalibi ya gabatar da gajeren fim na gaskiya tare da rubutaccen bayani a matsayin aikinsa na kammala digiri. Na biyu, a koya mana ladubban aikin: neman izini, kiran mutum da sunansa in ya yarda, barin abu yadda aka same shi, da komawa a nuna wa mutane abin da aka ɗauka. Na uku, a ware wuri a sashe inda za a riƙa ajiye waɗannan ayyuka da kwafi fiye da ɗaya, a rubuta ranar ɗauka da garin da aka ɗauka. Jami'ar Sule Lamiɗo a nan Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse suna zaune a tsakiyar wannan arziki, ba su da uzuri.

Mu kuma ɗalibai, kada mu jira sai an sa mana maki. Hutu na nan tafe, kowa yana da tsoho a gidansu. Ni dai na yi sake na rasa nawa. Allah ya jiƙansa, ya sa kada ɗan'uwana ya maimaita kuskurena, amin.