Yawon Keke Ya Halatta, Amma A Kwana Cikin Mutane

Akwai wata al'ada da matasanmu suke gani a intanet daga Turai da Amurka: mutum ya ɗaure tanti da guzuri a bayan keke, ya bar kwalta ya kama hanyar burji ranar Asabar, ya kwana a daji, ya dawo Lahadi. Wasu daga cikin ɗalibaina sun fara sha'awar yin haka tsakanin Tambuwal da Kebbe har zuwa Fakku, suna tambaya ko addini ya yarda.

Ra'ayina shi ne hawan ya halatta, har ma ina ƙarfafa shi. Alƙur'ani ya yi kira a wurare da dama ga tafiya cikin ƙasa domin lura. Shehu Usmanu (Allah Ya jiƙansa) ya fita daga Degel yawon wa'azi zuwa Kabi, ya kuma shafe kimanin shekara 5 a Zamfara, kamar yadda ƙanensa Malam Abdullahi ya kawo a Tazyinul Waraƙat. Tambuwal ɗin nan ribaɗi ce da ɗansa Muhammadu Buhari ya zauna. Abin kunya ne yaro ya san unguwannin Landan a waya, alhali bai taɓa taka ƙauyen da ake noma geron da yake ci ba. Keke kuwa ba ya cin mai, ba ya ƙara, kuma tafiyarsa tana ba ka damar yin sallama ga manomi ya amsa.

Inda na saɓa wa Turawa shi ne kwanan daji. Su kaɗaici suke nema, domin birni ya ishe su. Mu kuwa, ya ɗan'uwa, dazuzzukan kudancin Sakkwato da iyakar Zamfara sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. Baƙon da ya kafa tanti a bayan gari da dare yana tsakanin haɗari biyu: ko ɓarayi su same shi, ko 'yan banga su ɗauke shi ɗan leƙen asirin ɓarayi, kuma cikin duhu ba wanda zai tsaya sauraron bayani. Kare rai wajibi ne, shaƙatawa kuwa mubahi ce, ba a sayar da wajibi domin mubahi. Annabi (SAW) ya yi gargaɗi game da tafiyar dare ga mutum shi kaɗai, ya hana yada zango a kan hanya, ya kuma umarci matafiya uku su naɗa ɗayansu shugaba.

Saboda haka a tashi da sassafe, a tambayi direbobin tasha halin hanya kafin a kama ta, a isa gari kafin la'asar ta yi sanyi. A fara da gaida mai gari ko liman, a faɗi daga inda aka fito da inda za a. Zauren Bahaushe bai taɓa kasa ɗaukar baƙo ba. Kada kuma a je hannu sake, ko goro ne a riƙa. Famfo da kayan faci da tif na ajiya dole ne, domin ƙaya ba ta san ɗan birni ba, kuma da damina wasu hanyoyin sai an ɗauki keken a kafaɗa.

Sauran magana ta salla. A mazhabar Malikiyya ba a ƙasaru sai tafiya ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80, zuwa kaɗai ba a haɗa da dawowa, kuma malamanmu sun karhanta ƙasaru a tafiyar da wasa ne kawai manufarta. Mafi yawan irin wannan yawo cika salla za a yi. Mu na Islamiyya da hutunmu yake Alhamis da Juma'a, sai a tsara hanya yadda zawalin Juma'a zai riske mu a garin da ke da masallacin Juma'a, tunda fita bayan zawali haramun ne ga wanda Juma'a ta hau kansa.