Fentin Lasifika: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Sau da yawa idan lasifikar makaranta ko ta masallaci ta tsufa, abin da ake fara tunani shi ne a kai ta a goge, a fesa mata sabon fenti. Wasu ma har cewa suke yi muryarta ta ƙara daɗi bayan fentin. A ganina, fenti ido yake yi wa aiki, ba kunne ba, kuma idan ba a yi hattara ba yana iya lalata sautin.

Domin mu gane haka, sai mu dubi yadda lasifika ke aiki. Irin wadda muke amfani da ita a yau ta samo asali ne daga aikin wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, a shekarar 1925. A cikinta akwai maganaɗisu, da naɗin siririyar waya, da takarda mai siffar mazurari. Idan lantarki ya bi ta cikin wayar, sai ta riƙa kai da kawowa, ta girgiza takardar, ita kuma takardar ta girgiza iska. Wannan girgizar iska ita ce sautin da muke ji. Shi kuwa firam ɗin ƙarfe, da akwatin katako, aikinsu shi ne su riƙe waɗannan sassa daram.

To, kaurin fenti bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, alhali katakon akwati yakan kai milimita 18. Saboda haka fentin firam ko akwati ba ya kawo canjin da kunne zai ji. Amfaninsa shi ne kyan gani, da hana tsatsa, da kare katako daga danshin damina.

Amma idan fenti ya taɓa takardar, labari ya sha bamban. Takardar ƙaramar lasifika mai fitar da siririn sauti ba ta kai nauyin giram ɗaya ba. Ƙarin nauyi kaɗan zai sa ta kasa girgiza da sauri, sai sauti ya dushe. Makaɗan kotso sun daɗe da sanin wannan, domin sukan liƙa nake a tsakiyar fata don muryar gangar ta yi kauri. Bugu da ƙari, tina na narkar da gam ɗin da ya riƙe takardar, garin ƙarfen da aka kankaro da samfefa kuwa maganaɗisu na janye shi cikin ramin da wayar ke motsi, sai a ji lasifika na kurza. Haka nan fenti mai kauri yakan toshe ƙofofin ragar gaba.

Me ya sa mutane ke rantsuwa cewa sauti ya gyaru? A shekarar 1994, Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman sun gwada masu sauraro, da farko lasifikoki a ɓoye, sannan a bayyane. Makin da aka ba lasifikokin ya canza da zarar an gan su. Wato ido yana ruɗin kunne. Mai sayen lasifikar gwanjo da aka yi wa sabon fenti sai ya kula.

Shawarata ga malaman kimiyya ita ce su gwada wannan a aji: a ajiye lasifika biyu iri ɗaya, mai fenti da marar fenti, a bayan labule, ɗalibai su saurara su rubuta abin da suka ji. Wanda kuma zai yi fenti, ya cire lasifikar daga akwati, ya rufe takardar da maganaɗisun sosai, ya fesa kaɗan-kaɗan. Idan kuɗin makaranta bai isa duka ba, a fara da ɗinke takardar da ta yage da toshe tsagar akwati, fenti ya biyo baya.